Tambayar Mai Karatu: Wace Makarantar Fasto Zan Shiga?

TAMBAYA: Baba Rabaran barka da hidima. Ni matashi ne, na gama sakandare shekara biyu ke nan kuma ina jin kiran Ubangiji a zuciyata. An buɗe wata makarantar tauhidi a garinmu, sun ce digiri a shekara biyu kacal, Asabar Asabar ake zuwa, wai satifiket ɗin daga Amurka zai zo. Kuɗin ba yawa. Dan Allah Baba in shiga ko in dakata? Daga ɗanka a Kafanchan.

AMSA: Toh ɗana, Allah ya tabbatar da wannan kira. Amma ka dakata tukuna, kar ka biya ko kwabo.

Abin da zaka fara yi shine ka je wurin faston ekklisiyarku, in ya yiwu har ofishin gunduma, ka tambaye su kai tsaye: in na gama wannan makaranta zaku ɗauke ni aiki, zaku bani lasisi, zaku naɗa ni? Domin su ne zasu tura ka fili ba mai makaranta ba. Na sha ganin yara sun sayar da hatsi da akuyoyin gida sun yi karatu, su dawo da takarda mai tambarin zinariya, dattawa su duba su ce bamu san wurin nan ba sai ka sake daga farko, abin yana cina a rai har yau. Kowace ekklisiya tana da makarantar tauhidin da ta yarda da ita, ECWA tana da Kagoro nan kusa da kai, da Igbaja, da JETS ta Jos da aka buɗe a 1980, COCIN tana da Gindiri, Angilikan suna da Wusasa, ƴan EYN Kulp a Kwarhi, ga kuma TCNN Bukuru ta TEKAN, wato Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Najeriya, tun 1959.

Sai maganar tantancewa. Akwai ƙungiyar da ake kira ACTEA mai tantance makarantun tauhidi, an kafa ta a 1976 ƙarƙashin haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu bishara ta Afirka, kuma namu ne Dokta Byang Kato ɗan ƙasar Jaba ya yi ta faɗi tashi a kan a samu irinta, sai dai ya rasu a Kenya a Disamba 1975 bai ga tsayuwarta ba. Ita ba a sayen amincewarta a rana ɗaya. Makaranta sai ta zauna ta binciki kanta ta rubuta rahoto, sannan a turo malamai daga wasu makarantu su zo su gani da idonsu, malaman nan ina suka yi karatu, nawa ne na dindindin nawa ne ƴan cirani, laburare akwai littattafai ko kanta ce babu kaya, da wane sakamako ake ɗaukar ɗalibi, kuɗi yaya ake riƙe shi. Abin yakan ɗauki shekaru. Shi yasa in aka ce maka an tantance mu, ka ce wa ya tantance, ka nemi sunan ka duba a intanet ko makarantar tana cikin jerinsu. Kuma rajistar kamfani a Abuja ba tantancewa bace, da yawa ita suke maƙalawa a bango.

Amma fa ACTEA ba gwamnati bace. In kana so wata rana ka yi bautar ƙasa ko ka koyar da darasin addinin Kirista a makarantar gwamnati, nan hukumar jami'o'i NUC ce ke da magana, shi yasa TCNN da JETS suka haɗa gwiwa da Jami'ar Jos. Ko a irin waɗannan ma ka tambaya, kwas ɗin da zan yi yana cikin haɗin? ta JAMB ake shiga? sunan wa zai fito a satifiket?

Digiri a shekara biyu ga wanda ya fito daga sakandare, Asabar kawai, ni dai ban yarda ba ɗana. Yaushe zaka koyi Girkanci da Ibrananci, yaushe zaka zauna ƙarƙashin wani tsohon fasto ka ga yadda ake ta'aziyya da sasanta ma'aurata? In kuɗi ne matsala ka fara da makarantar Littafi Mai Tsarki ta gundumarku ko da ta Hausa ce, mu da yawa ta nan muka bi kafin difloma. Ka je ka ga fastonku wannan Lahadin, ka rubuto min abin da ya ce.