Kura ta shiga barga: wa zai biya, kuma ina zan fara kashe kuɗi?

Tambaya: Ina da barga a wajen Maraban Jos, masu dawaki suna ajiye nasu suna biyana duk wata. Dawaki 14 ne, wasu na hawan sallah, wasu na folo. Makon jiya da dare wani abu ya shigo ya yage wa wani dukushi cinya, mai gadi ya ce kura ce. Mai shi ya ce in biya. In biya? Sannan mafarauta zan ɗauka ko katanga zan ja?

Amsa: Alhaji, Allah ya kiyaye gaba. Kafin maganar kuɗi, ka kira likitan dabbobi yau. A bayan garin Kaduna garken karnukan da ba su da masu su ma suna irin wannan ɓarna, kuma cizonsu kan zo da ciwon haukan kare.

Batun biya kuwa, dokin da ke bargarka amana ne, kuma kana karɓar lada a kan tsaronsa. Malamai sun ce mai riƙon amana ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci. To, ka tambayi kanka: a ina dukushin ya kwana? In a fili aka bar uwarsa ɗaure a turke da dabaibayi, ba ƙofa ba fitila, sakaci ne. Dabaibayi ya hana ta harbi, ya hana ta gudu. A ganina ka ɗauki nauyin kuɗin magani ba tare da ja-in-ja ba. Masu dawaki sun san juna, labari ɗaya a filin folo ya isa ya kwashe maka rabin barga.

Mafarauta kuɗi ne da za ka yi ta biya ba ranar gamawa. Guba ma kada ka kusance ta, karen maƙwabci da ungulu za ta kashe, ka sayo rigima.

Katangar da za ta zagaye fili duka tana da tsada, don haka fara da ɗakunan kwana masu ƙofar ƙarfe, goɗiyoyi da dukusai su fara shiga. Ginin ya nutse cikin ƙasa, domin kare da kura suna tono ta ƙasan shinge. Sai fitilun sola, sai sare ciyawar da damina ta tara a gindin shinge. Mushe da ragowar yanka kuma a binne su nesa, warinsu ne ke gayyato baƙin dare.

Kada kuɗin nan ya fito daga ribarka kaɗai. Ka haɗa abin da ginin zai ci, ka raba shi wata 24, ka sake rabawa gida 14. Abin da ya fito shi ne ƙarin da kowane doki zai biya a wata. Ka tara masu dawakin, ka zagaya da su su ga inda dabbar ta shigo, sannan ka faɗi ƙarin.

A wannan zaman ku rubuta yarjejeniya: ƙimar kowane doki ranar da ya shigo, wanda ke biyan rigakafi, da abin da ke wuyanka in an yi asara. Kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu.