Tambaya da Amsa: An kira mu taron tsara makomar makarantun yaranmu, in je ko in share?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Ni dai ina zaune a Amurka da maigidana shekara shida kenan, yarana uku duk suna makarantar gwamnati. To satin nan sai ga saƙo ta imel daga gundumar makarantunmu wai suna tsara yadda makarantu za su kasance nan da shekara biyar, suna so iyaye su cike fom kuma su zo taro su faɗi ra'ayinsu. Maigida ya ce ɓata lokaci ne sun riga sun yanke abin da za su yi, ni kuma turancina bai nuna ba sannan ban zama 'yar ƙasa ba tukuna, ina tsoron kar in je in jawo wa kaina magana. Don Allah Anti in je ko in share? Daga Maman Abba.

AMSA: Wa'alaikumus salam Maman Abba, Allah ya raya mana su Abba. Ki je ƙanwata, wallahi ki je, kuma ki lallaɓa maigida ku tafi tare.

Bari in fara cire miki tsoron. Zuwa taro da cike fom ba zaɓe ba ne, haƙƙinki ne na uwa, ba ruwansa da zama 'yar ƙasa. Tun 1982 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa ba za a hana yaro makarantar gwamnati saboda matsayin takardunsa na zama ba, balle ke da aka aiko wa gayyata har cikin waya. Inda za ki kiyaye shi ne ƙuri'a, in an zo zaɓen 'yan hukumar makarantu ko ƙuri'ar amincewa da cin bashi don gine-gine, wannan a kusan ko'ina na 'yan ƙasa ne, kar ki yi rajista kar ki kaɗa sai kin karɓi takardarki ta zama 'yar ƙasa, don kuskure a nan yana iya ɓata wa mutum neman zama ɗan ƙasa gaba ɗaya. Batun turanci kuma ki kira ofishin makarantar kwana biyu uku kafin ranar ki ce kina son tafinta, ki faɗi Hausa ƙarara, in ba su samu ba ki rubuta maganarki a gida wani ya duba miki, ki je ki karanta ko ki miƙa a rubuce.

Maigida kuma ba zan ce bai da gaskiya sam ba, akwai tarukan da ake yi don dai a ce an yi. Amma ki gane yadda abin yake tafiya a can. Gundumomin makarantu a Amurka sun kai wajen 13,000, kowace da hukumarta, yawanci mutanen gari ne suke zaɓen su, su ne suke ɗaukar shugaban gunduma aiki kuma su ne suke amincewa da kasafin kuɗi. Kuɗin ma abin da gwamnatin tarayya take sakawa bai wuce kusan ɗaya cikin goma ba, sauran na jiha ne da harajin gidaje na yankinku, ke ko haya kike wannan harajin yana cikin kuɗin da kike ba mai gida duk wata. Kin ga kenan da guminki ake tafiyar da makarantar. Kuma a irin wannan tsari na shekara biyar ne ake yanke abubuwan da daga baya iyaye suke kuka a kai, wace makaranta za a rufe ko a haɗe da wata, wace unguwa za ta koma wace makaranta, ƙarfe nawa bas zai ɗauki yara, malamai nawa za a ɗauka wa masu koyon turanci. A 2013 birnin Shikago ya rufe makarantu wajen 50 a shekara guda, iyaye da yawa sun yi ta kokawa amma a lokacin sunayen makarantun sun riga sun shiga takarda. Shi ya sa nake cewa tun yanzu da ake tambaya, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Abin da yake ƙara min ƙarfin gwiwa kullum shi ne birnin Niyok, wato New York. A 2015 birnin ya sanar da hutun ƙaramar Sallah da babbar Sallah a makarantun gwamnati, kuma ba haka kawai ya faɗo ba, iyaye da ƙungiyoyin Musulmi sun yi shekaru suna sintiri suna nema har aka gaji da ganin su.

Yanzu ga yadda za ki yi. Kar ki je da "muna so a inganta ilimi", kowa ma haka zai ce kuma ba wanda zai rubuta. Ki zaɓi abu ɗaya ko biyu da suke damun ki da gaske ki kawo misali daga gidanki, kamar a ce bas yana ajiye ɗanki a makare har darasin farko ya wuce shi, don yawanci minti biyu ko uku ake ba mutum ya yi magana. Ki nemi 'yan'uwa mata huɗu biyar ta WhatsApp ku je tare, kowacce ta cike fom nata daban don ƙirgawa ake yi. Kafin ki tashi ki tambaye su yaushe za a fito da daftarin tsarin, a ina za a gan shi, wace rana hukuma za ta kaɗa ƙuri'a a kai. In ya fito ki duba ko an ware wa abin da kuka nema kuɗi a kasafi, in ba a ware ba ku koma zaman hukumar na wata mai zuwa ku sa sunanku cikin masu magana.

Ki rubuto min bayan taron in ji yadda kuka yi, ki gaida maigida da yara.