Hukuncin sana'ar ɗaukar fim ɗin gaskiya da zanen talla

Tambaya: Allah ya gafarta Malam. Ni mazaunin Kaduna ne, sana'ata ɗaukar dokumentari, wato fim a kan ainihin rayuwar mutane, ba wasan kwaikwayo ba. Ba na ƙarƙashin kowane gidan talabijin, da kaina nake nemo aiki. Idan kasuwar fim ta ja baya sai in koma zanen tambari da fasta da kwalin kaya a kwamfuta. Yanzu ina aiki a kan tsofaffin ma'aikatan masaƙun unguwar Kakuri a nan Kaduna da matan waɗanda suka rasu, kuɗin aikin daga wata ƙungiya ne a Turai. Don su saki jiki su yi magana, nakan ce musu fim ɗin zai jawo musu tallafi, alhali ba wanda ya yi mini wannan alkawari. Mahaifina ya ce mai ɗaukar hoto ɗan wuta ne, har ya daina cin cefanen da nake kaiwa gida. Shin kuɗina halal ne?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, sana'arka halal ce, kuɗinta ma halal ne. Amma akwai wata magana da ka faɗa a tsakiyar tambayarka ka wuce ta da sauri, ita ce ta fi damuna, zan zo kanta.

Mahaifinka bai ƙirƙiri maganarsa ba. Hadisan da suka yi narkon azaba ga masu suranta abu mai rai ingantattu ne, kuma manyan malamai irin su Shaikh Albani sun shigar da hoton kyamara cikinsu, ba su yarda da shi ba sai da lalura. Muna girmama su, amma hujjarsu a nan ba ta fi ƙarfi ba. Dalilin hanin shi ne kwaikwayon halittar Allah, shi ya sa za a ce wa masu yi su raya abin da suka halitta. To mai riƙe da kyamara me ya halitta? Bai tsara ido ba, bai ja hanci ba. Halittar Allah ce ta bayyana kamar yadda take bayyana a madubi, na'ura ta riƙe ta. Haka Shaikh Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, muftin Masar da ya rasu a 1935, ya yi bayani tun hoto bai yawaita ba, kuma Shaikh Ibn Usaimin, da duk tsantseninsa, bai ɗauki bidiyo a matsayin surar da aka hana ba.

Masu hanawa sukan ce ai hoton madubi yana gushewa, na kyamara yana tabbata. Gaskiya ne, sai dai tabbatar hoto ba ta mayar da mai ɗauka mai ƙaga siffa. Sannan a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, abin da aka haramta shi ne siffa mai jiki, mai inuwa, cikakkiyar gaɓoɓi, irin gunki. Wadda aka zana a takarda ko ƙyalle iyakarta karhanci, saboda togaciyar da ta zo a hadisin Abu Ɗalha game da zane a jikin tufa. Idan zanen hannu bai kai haram ba a wurinsu, ina ga na kyamara? Kuma tafsirin azumi da ake yi a Masallacin Sultan Bello na Kaduna, kyamara ce take kai shi gidajen mutane, ba wanda ya ce mai ɗaukarsa ɗan wuta ne.

Zanenka kuwa hukuncinsa na bin abin da ake tallatawa. Giya, shagon caca, tsiraici, waɗannan babu saɓani, kada ka karɓa.

Yanzu ga abin da ya canza hukunci. Masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles Limited da ke Kakuri, an buɗe ta a 1957, ta tsaya a 2002, kuma da yawan ma'aikatanta sun koma ga Allah suna jiran haƙƙinsu na sallama. Matar da ka zaunar gaban kyamara ta sha jin alkawari shekara da shekaru. Ka zo ka ce mata tallafi na tafe, ta buɗe maka cikinta, ta faɗi abin da ko maƙwabta take ɓoye wa, ta yi kuka, kai kuma ka san babu komai a ƙasa. Wannan yaudara ce, kuma Annabi (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Yardar da aka samu da ƙarya ba yarda ba ce. Saboda haka duk hirar da ka ɗauka a kan wannan alkawari bai halatta ka sa ta a fim ba sai ka koma.

Ka bi su gida-gida. Ka gaya musu babu tallafin da ka tabbatar, ka faɗa musu wa ya biya ka, da inda za a nuna fim ɗin, har da cewa yana iya shiga intanet jikokinsu su gani. Wadda ta amince bayan haka, ka yi amfani da maganarta. Wadda ta ƙi, ka goge, ko da hirarta ce ta fi kowacce daɗi. Ladan aikinka bai haramta ba don gumi ka yi, amma kana da tuba a kanka, kuma ya kamata ka ware wani abu daga ciki ka kai musu da hannunka.

Ka kuma kula da masu ba da kuɗin. Wasu sun fi son ganin hawaye da tsummoki. Kada ka sa mutum ya canza riga don ya ƙara kama da matalauci, kada ka yanke magana ka haɗa ta da wata har ta faɗi abin da mai ita bai nufa ba. Wannan shaidar zur ce. Idan za ka yi hira da mace, a samu ɗanta ko wata babba a wurin, kuma kada jiran hasken yamma ya cinye maka La'asar.

Mahaifinka kuma, ban yarda ka kai masa wannan amsa a matsayin makami ba. Tsoron Allah ne ya hana shi cin abincinka, irin wannan uba abin godiya ne. Ka samu malamin da yake ganin girmansa su zauna. Kafin nan, ka riƙa yi masa cefane daga kuɗin zanen rubutu da tambarin da babu mai rai a ciki, ka gaya masa daga nan ne, kuma ya zama daga nan ɗin ne.

Allah ne mafi sani.