Google ya cika, Facebook ya yi jama'a: ina za mu kai hotunan gida?

Wannan karon saƙonnin da sunka shigo yawanci a kan hoto ne, na zaɓo uku da nake ganin amsarsu za ta ishi sauran.

Tambaya ta farko daga wata uwa ce a Mabera nan Sakkwato: "Assalamu alaikum Yaya. Ɗiyata ta fari ta haihu watan jiya, namiji, anka yi suna lahiya lau, autana kuma ya yi saukar Alƙur'ani bayan nan, to hotuna sun yi yawa wallahi. Yanzu kullum waya sai ta rubuto min wai ma'ajiyar Google ta cika, har saƙon imel ya daina shigowa. Babban ɗana ya ce in bar Google Photos in koma Telegram tunda kyauta ne, in goge na can. In goge?"

Wa'alaikumus salam Hajiya, barka da arziki, Allah ya raya jika ya sa albarka a karatun auta. Kada ki goge komai tukuna, don Allah ki ɗan dakata ki ji.

Abin da ya faru shi ne, Google gig 15 yake ba kowa kyauta, kuma wannan gig 15 ɗin ba na hoto kaɗai ba ne, Gmail da Drive da Photos duk a ciki suke ci, shi ya sa da ya cika imel ɗinki ma ya tsaya. Da can ba haka abin yake ba, daga 2015 da anka buɗe Google Photos mutum yana loda hoto iya son ransa ba a ƙirgawa in dai ya yarda a ɗan rage nauyin hoton, sai ran 1 ga Yuni 2021 sunka rufe wannan ƙofa. Sannan a 2024 ajiyar WhatsApp ta masu Android ita ma ta fara cin wannan wuri. To nan ne nake zargin matsalarki take, don in kika duba da kyau za ki tarar ba jikanki ne ya cika wurin ba, bidiyoyin guruf ne, wa'azin da anka turo miki sau huɗu daga guruf huɗu, da na barkwanci, da furannin barka da Juma'a na shekara uku. Ki sa ɗan naki ya shiga saitin WhatsApp wurin ajiyar hira ya kashe haɗawa da bidiyo, ya kuma duba a Google Photos waɗanne jakunkuna ne waya take lodawa da kanta, ya bar na kamara kaɗai. Shi kansa Google yana da wurin da yake jero miki manyan bidiyoyi da hotunan da sunka yi dishi-dishi ki zaɓi na zubarwa. Mutane da yawa daga nan matsalar take ƙarewa ba su biya ko sisi ba.

Abin da ya sa na ce ki dakata da gogewa: in kika goge hoto daga cikin manhajar Google Photos, ba na intanet kaɗai yake tafiya ba, na cikin wayar ma yana bin shi. Yana ɗan zama a kwandon shara na wani lokaci, daga nan shi ke nan. In dai kin ƙudura sai kin tashi, akwai Google Takeout, nan ake neman a tattaro miki duk kayanki a dunƙule ki sauke, amma aikin kwamfuta ne da intanet mai ƙarfi, ba na datar ɗari biyar ba, balle tun da anka ƙara kuɗin data a farkon 2025. Kuma za ku ga wasu ƙananan fayiloli kusa da kowane hoto masu ƙarewa da json, kada yaron ya ce shara ce ya share, bayanan ranar da anka ɗauki hoton suna ciki.

Shi kuwa Telegram ban ce ba ya da amfani ba, yana karɓar fayil har gig 2 kuma ba ya neman kuɗi, sai dai in kin tura a matsayin hoto yana matse shi, sai kin tura a matsayin fayil yake zama yadda yake. Ba shi da tsari irin na Google Photos na nemo hoton sunan bana ko na auren bara sai kin yi ta ja da yatsa. Kuma da lambar waya yake ɗaure, in layin ya ɓata kina iya rasa hanyar shiga, in kuma anka daɗe ba a shiga ba asusun yana iya gogewa da kansa. A matsayin kwafi na biyu, to. A matsayin gida ɗaya tilo na hoton jikanki, a'a. Ni dai kalmar "kyauta" a wajen kamfanonin nan ba na jingina da ita, shafin ajiye hoto na Flickr a 2013 ya ba kowa gig dubu kyauta, kamfanin SmugMug ya saye shi a 2018, zuwa 2019 anka ce mai asusun kyauta hoto 1,000 kawai zai ajiye. Picasa ma, tsohon wurin ajiye hoto na Google, Google ne da kansa ya rufe shi a 2016.

Ta biyu wani magidanci ne daga Runjin Sambo: "Yaya mu gidanmu a warwatse muke, yayana yana Kaduna, ƙanwarmu tana aure a Birnin Ƙonni, ƙanenmu yana karatu waje. Shekara da shekaru a Facebook nake sa hotunan gida kowa ya gani, yaro ya fara tafiya, an yi Sallah, Inna ta dawo Umara. To bikin ƙanwar matata da anka yi, sai ga hoton kamu a shafin wani da ba mu sani ba, maiɗakina ta ce ba ta yarda ba kuma. Ina za mu koma?"

Malam, maiɗakinka tana da gaskiya, kuma da ma hoton kamu ba naka ba ne kai kaɗai, matan mutane ne a ciki, sai an tambaye su.

Shawarata ka raba aikin gida biyu, wurin ajiya daban wurin nunawa daban. Don nunawa, kada ka wahalar da kanka kana neman sabuwar manhajar da kowa zai koya, Inna ba za ta buɗe sabon asusu ba kuma ka san haka, guruf ɗin WhatsApp na 'yan gida zalla ya wadatar, ban da abokai ban da maƙwabta. Amma ka sani WhatsApp faranti ne na miƙa wa mutane, ba rumbu ba ne, yana matse hoto sosai, wanda ya ratsa waya uku in ka kai a wanke maka shi fuska sai ta fito a dame. Tun 2023 sun sa maɓallin HD a saman hoto kafin ka tura, ka riƙa danna shi, wanda kuma kake son a ajiye na dindindin ka tura shi a matsayin dokumen.

Don ajiya kuma, ka buɗe kundin haɗin gwiwa a Google Photos, kai da yayanka da ƙanenka kowa ya riƙa zubawa, wanda ya loda daga wurinsa ake cirewa, ka ga nauyin ya rabu. Ka gayyace su ta adireshin imel ɗinsu ɗaya bayan ɗaya, kada ka yi ta linki, don duk wanda linkin ya faɗa hannunsa zai buɗe, kuma ka san yadda abu yake tsallakawa daga guruf zuwa guruf a garin nan. Wani abu da mutane ba su kula da shi, waya tana iya liƙa wa hoto ainihin wurin da anka ɗauke shi, a halin tsaron da muke ciki ba ka son ƙofar gidanka ko makarantar yaranka tana yawo, ka kashe wannan a saitin kamara da na kundin.

Tsofaffin da ke Facebook kuwa, tun 2020 suna da hanyar tura kwafin hotunanka kai tsaye zuwa Google Photos, tana cikin saiti wajen bayananka. Ba za su dawo da kyansu na asali ba don Facebook ma yana matsewa, amma ya fi babu. In ka tabbatar sun isa, ka mayar da na can yadda kai kaɗai kake gani, gogewa ba gaggawa. Wanda wancan mutumin ya ɗauka ka kai ƙararsa ta maɓallin rahoto, ka kuma yi masa magana ya sauke.

Ta ƙarshe wata ɗaliba ce a jami'ar Danfodiyo, ta ce za ta sayar da iPhone ɗinta ta sayi Android saboda kuɗin makaranta, babanta ya yi ritaya bana, tana tambaya ta biya kuɗin ma'ajiya duk wata ko ta sayi memori.

Ƙanwata, Allah ya sa Baba ya huta lafiya ya kawo haƙƙinsa da wuri. Kafin ki miƙa wayar ki shiga privacy.apple.com ki nemi a tura kwafin hotunanki na iCloud, wato ma'ajiyar Apple, zuwa Google Photos, yana ɗaukar kwana uku zuwa bakwai, kuma sai akwai isasshen wuri a Google ɗin. In iCloud na kyauta kike da shi gig 5 ne kawai, ke nan wataƙila yawancin hotunan a cikin wayar suke ba a can ba, sai ki sa Google Photos a kan iPhone ɗin ya kwashe, ko a juye miki a kwamfuta. Sai kin gan su da idonki a wani wurin sannan ki fita daga iCloud ki wanke wayar.

A halin da kike ciki ba zan ce ki ɗaura wa kanki biyan wata-wata ba, ranar da kika kasa biya wurin zai koma gig 15 imel ya tsaya. Ki sayi memori ko filash, amma na jabu sun cika kasuwa, a rubuta gig 128 a jiki alhali cikinsa bai kai ko kusa ba, yana karɓa yana cinye na baya. Ki saya inda za ki iya mayarwa, ki cika shi da bidiyo a ranar ki buɗe na farko da na ƙarshe ki gani. Kada ki bar shi cikin mota ko jikin taga, zafin Afrilu a Sakkwato yana haura digiri 40. Mafi soyuwa a gare ki su zauna wuri biyu, Google da filash, kin dai tuna 2021 da anka katse sabis a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan, wanda kayansa ke intanet kaɗai sai haƙuri. Asusun Google ɗin kuma ki riƙa leƙa shi, don wanda ya shekara biyu ba a taɓa ba suna iya share shi, ki sa lambar Baba ko ta yayanki a matsayin ta dawo da asusu ko da layinki zai ɓata.