Yadda ake zana fanel na kanka da za a cusa ESP32 a kai

Tambaya: Na haɗa ESP32, ƙaramin modul na kwamfuta mai Wi-Fi, a kan allon gwaji, yana auna danshin ƙasa yana kunna famfo mai 12V ta hanyar rile, makunnin da wuta ke sarrafawa. Yana aiki, amma wayoyin na yawan zarewa. Ina so in zana fanel nawa, wato allon da'ira mai layukan jan ƙarfe (PCB), in riƙa cusa modul ɗin a kai. Daga ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, fara da auna modul ɗin da ke hannunka. Sunan ESP32 ya game alluna da yawa da ba girmansu ɗaya ba. Wani ƙafafunsa 30, wani 38. Tazarar ƙafa da ƙafa milimita 2.54 ce a dukkansu, amma tsakanin layukan biyu wani 25.4 ne, wani 22.86, kuma jerin ƙafafun ma ya bambanta. Wanda ya ɗauko zanen wani allo daga intanet bai auna nasa ba, sai fanel ya iso ya tarar modul ya ƙi shiga. Idan ka gama zane a KiCad, manhajar zana fanel wadda kyauta ce, ka buga shi a takarda daidai girmansa, ka ɗora kan soso, ka soka ƙafafun modul ɗin a ramukan. Wannan gwajin ya fi duk wani lissafi tabbas.

Kada ka liƙa modul ɗin da dalma kai tsaye. Sa soket mai ramuka layi biyu, ka bar wa kowace ƙafa rami mai faɗin milimita 1. Ranar da modul ya ƙone, zare shi kawai za ka yi. Ka rubuta wajen da bakin USB zai fuskanta a jikin fanel, domin soket ba ya hana a cusa shi a juye.

Sai wuta, inda aka fi yin ɓarna. Kada ka kai 12V ƙafar VIN, wato ƙafar shigar wuta da wasu alluna ke rubuta wa 5V. Ɗan abin da ke rage wutar zuwa 3.3V a yawancin allunan, AMS1117, zafi yake mayar da rarar: idan modul na jan 250mA, fiye da wat 2 ke nan a kan abin da bai kai ƙwayar wake ba. Sa na'urar rage wuta irin LM2596 ko MP1584 ta sauke ta zuwa 5V tukuna, ka auna da mita kafin ka cusa modul. Kusa da ƙafar 5V ka sa kwandansa 470µF da 100nF, saboda lokacin da Wi-Fi ke aikawa yakan fizgi wuta, in ba ta isa ba sai ka ga yana mutuwa yana tashi. Ka kuma sa dayod 1N5819 a hanyar 5V ɗin, don kada wutar USB ta koma baya lokacin loda manhaja.

Ba kowace ƙafa ke zaman banza ba. Ƙafafun sigina ana kiran su GPIO: GPIO6 zuwa 11 na ma'ajiyar cikin modul ne, kada ka taɓa su. GPIO34 zuwa 39 karɓa kawai suke yi. GPIO0, 2, 5, 12 da 15 ana duba su lokacin tashi. Idan aka ja GPIO12 sama zuwa 3.3V a wannan lokacin, galibi modul ba zai tashi ba. Ka ba rile GPIO26. Ma'aunin danshi kuma ka kai shi ɗaya daga GPIO32 zuwa 39, domin sauran ƙafafun awo, da ake kira ADC2, ba sa ba da awo yadda ya kamata muddin Wi-Fi na kunne.

Naɗin rile mai 5V na cin kusan 70mA, ya fi ƙarfin ƙafar ESP32. Sa taransisto BC337, da rizisto 1k tsakaninsa da GPIO26, da 10k zuwa GND, wato layin 0V, don kada famfo ya motsa kafin manhaja ta fara. Ka gitta dayod 1N4007 a kan naɗin, zobensa na kallon 5V. In babu shi, wutar da ke dawowa idan rile ya saki za ta kashe taransiston.

Eriyar modul ɗin ta leƙa waje da bakin fanel. In ba hali, ka cire jan ƙarfe sama da ƙasa a ƙarƙashinta, ka nesanta rile daga wurin. Layukan sigina milimita 0.25 sun isa, na 5V milimita 1, na famfo kuwa ka faɗaɗa su gwargwadon wutar da yake ja. Sauran filin ƙasan fanel ka cike shi da GND, amma hanyar dawowar wutar famfo ta tafi bakin shigar wuta kai tsaye, kada ta bi ta wajen ma'aunin danshi.

Kafin ka tura wa kamfanin buga fanel fayilolin Gerber, wato fayilolin zanen da yake bugawa da su, gudanar da ERC da DRC, binciken kurakuran haɗi da na zane a KiCad. Kamfanoni irin su JLCPCB daga guda 5 suke fara bugawa. Idan sun iso, haɗa ɓangaren wuta kaɗai, ka tabbatar 5V da GND suna ramukan da suka dace a soket, sannan ka cusa modul.