Na sa liba a tsakiya amma bawul bai tsaya ba: tambaya kan samfurin jirgin tururi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malami ne mai koyar da fasahar injuna a wata makarantar sakandare a Daura. Tun da aka soma aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa ta garinmu, ɗalibaina suka matsa mini da tambayoyi a kan jirgin ƙasa, sai na haɗa musu samfurin katako na sandunan da ke sarrafa bawul, wato abin da ke buɗewa da rufe ƙofar tururi, a kan jirgi mai tururi, irin na Walschaerts. Idan na juya ƙafar da hannu komai yana tafiya, amma ko da na mayar da libar direba tsakiya, bawul ɗin yana ci gaba da ɗan kai da komowa. Sau biyu ina wargajewa ina sake haɗawa. A ina na kuskure?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. A wannan wurin ba ka kuskure ba, kuma da a ce bawul ɗin ya tsaya cik, a nan ne zan ce a sake duba aikin.

Tsarin da Egide Walschaerts, injiniya ɗan ƙasar Beljiyam, ya ƙirƙira a 1844 yana ba bawul motsi daga wurare biyu. Na farko yana fitowa daga ƙaramin hannun da ke ɗaure a kan babbar kusar ƙafa, wanda ƙarshensa ke nesa da ita da kimanin digiri 90, kuma shi ne ke girgiza ƙarfen nan mai lanƙwasa kamar baka, mai tsaga a tsakiyarsa. Liba ba ta da wani aiki face ɗaga ɗan dunƙulen da ke zamewa cikin tsagar ko sauke shi: rabin bakan ɗaya na tafiya gaba ne, ɗaya rabin na komawa baya. Idan dunƙulen ya zauna daidai kan kusar da bakan ke lilo a kanta, wannan motsi na farko ya mutu ke nan. Na biyu kuwa daga fistin kansa yake fitowa, wato abin da tururi ke turawa gaba da baya cikin silinda, ta doguwar sandar haɗi da ke rataye a gaba, kuma liba ba ta da iko a kansa ko kaɗan. Shi ne kake gani.

Dalilin ajiye shi kuwa, duk telan da ke taka keken ɗinki ya san shi, domin akwai wurin da mataki ke cijewa har sai ya tura ƙafar keken da hannu. Fistin ma yana da irin wannan wuri a ƙarshen tafiyarsa ta kowane ɓangare, shi ya sa ake so ƙofar tururi ta ɗan buɗe tun kafin ya isa can, tururin ya tare shi ya kuma shirya mayar da shi. Ban da wannan, ana yi wa leɓen bawul ƙari, yadda zai wuce faɗin ƙofar ya rufe ta da wuri, tururin da ya riga ya shiga ya ƙarasa aikin ta hanyar kumbura. Tafiyar bawul a tsakiyar liba ita ce jimillar wannan ƙari da wancan buɗi, ninki biyu.

Lissafinsa ba shi da wuya. A ce fistin ɗin samfurinka yana tafiyar milimita 120, ƙarin leɓe milimita 5 ne, buɗin farko milimita 1. Bawul zai yi tafiyar milimita 12 ke nan, wato kashi ɗaya cikin goma na tafiyar fistin. Saboda haka, idan tazarar da ke tsakanin kusar sandar da ta taho daga baka da kusar ƙasa ta sandar haɗi milimita 150 ce, to tazarar da ke tsakanin kusar sandar da ta taho daga bakan da kusar bawul ta zama milimita 15. Ka sa rula ka auna naka, domin idan motsin ya wuce abin da lissafi ya bayar, ramukan sandar haɗi ne ba a huda daidai ba.

Gwajin da nake so ka yi, wanda shi ne ainihin ma'aunin ingancin wannan tsari, shi ne ka juya ƙafar har fistin ya kai ƙarshen tafiyarsa, ka riƙe ta kam, sannan ka ja liba daga ƙarshen gaba zuwa ƙarshen baya. Bai kamata bawul ya motsa ba. Ka maimaita a ɗaya ƙarshen. Idan ya motsa, abu uku ne abin tuhuma: lanƙwasar tsagar, tsawon sandar da ke haɗa ƙaramin hannu da wutsiyar baka, da mazaunin ƙaramin hannun. Na farkon ne ya fi kayar da masu haɗa samfuri, saboda sukan zana lanƙwasar da ido don ta yi kyau, alhali dole ne a zana ta da kamfas wanda aka buɗe daidai tsawon sandar da ke ɗauke da dunƙulen. Shi kuma ƙaramin hannu, kada ka manne shi da gam tun farko. Ka ɗaure shi da noti ka riƙa gusar da shi kaɗan-kaɗan, domin digiri 90 ɗin ba cif ba ne idan wutsiyar bakan ba ta kan layi ɗaya da tsakiyar ƙafa.

Game da kayan aiki, katakon filawud ya wadatar ga allon baya da ƙafa, amma sandunan sun fi daɗewa idan an yanke su daga falan alminiyam, musamman da yake katakon da aka huda a damina yakan saki idan hunturun Daura ya shigo, kusoshi su riƙa rawa. Rawar rabin milimita a kusa huɗu ta isa ta haɗiye buɗin farkon gaba ɗaya. Ka rufe silinda da gidan bawul da roba mai haske, ka shafa wa ƙofar shigar tururi jan fenti, ta fitarsa kuma shuɗi, ka goga kakin kyandir a tsagar maimakon giris da ke tara ƙura.

Sannan ka zana ma'auni a gefen silinda daga 0 zuwa 100, ka sa ɗalibi ɗaya ya juya ƙafa a hankali, wani ya faɗi lambar da fistin ya kai lokacin da ƙofa ta rufe. Idan liba tana ƙarshe, jiragen gaske sukan rufe ne a wajen kashi 75 cikin ɗari, kuma da haka ake tashi daga tasha da kaya mai nauyi. Idan jirgi ya ɗauki gudu, direba yakan jawo liba kusa da tsakiya har rufewar ta dawo wajen kashi 20 ko 25, don tsimin kwal da ruwa. Ka bar su su gusar da libar mataki-mataki suna rubuta lambobin a allo da kansu.