Ruwan rami na uku

Sani, jiya da muna tashi daga aikin wankin zinariya ka ce mini: "Maigida, ruwan rami na uku ya kwanta garau, har ana ganin ƙasansa. Me zai hana mu fasa bakin ramin ya bi ƙorama, ko mu bar makiyaya su shayar da dabbobinsu?" Ban amsa maka nan take ba, don maganar ba ta tsaye ba ce. Zauna ka ji.

Abin da ya kwanta laka ce kawai. Ramin farko yana riƙe yashi, na biyu laka, na uku kuma ya ba mu ruwan da za mu mayar mu sake wanke ƙasar zinariya da shi. Iyakar aikinsu ke nan. Kai ɗan Maradi ne, ka san yaran Tibiri da ƙafafunsu suka lanƙwashe, haƙoransu suka rine. Ruwan famfo suka sha, fari tas, sai dai sinadarin fuluwo ya yi masa yawa, kuma ba wanda ya gan shi da ido.

Namu dafin zaiba ce, wadda muke kama zinariya da ita. Zaiba ba ta ruɓewa. In ana murza ta da ƙasar zinariya sai ta farfashe ta zama ƴan ƙwayoyin da ido ba ya kamawa, su tafi da laka. In ta kwanta a gindin tafki, ƙananan halittun cikin laka su juya ta ta zama irin wadda ke shiga naman kifi ta zauna. Babban kifi ya ci ƙarami, ta taru a jikinsa. Suya ba ta fidda ta, dafuwa ma haka. Mai ciki ta ci, abin ya wuce ga ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikinta. Haka aka gani a garin Minamata na ƙasar Japan a 1956, har aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba sunan garin. Duk sanda na tuna masuntan tafkin Madarunfa da masu zogalen Jiratawa, sai in ji nauyin aikin nan a wuyana.

Ka tambayi ƴan Zamfara da ke zuwa nan. A 2010 dalmar da ke cikin dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega, don ana niƙa dutse a cikin gida, ana wanke shi kusa da ruwan sha.

Shi ya sa nake da tsanani. Ba a zuba zaiba cikin ƙasar zinariya gaba ɗayanta, sai an wanke ta an rage ɗan baƙin yashin ƙarshe, shi ma cikin rabin duro, kuma ruwan duron ba ya haɗuwa da na rami. Kowane rami a daɓe shi da yumɓu, a shimfiɗa tamfol, don ƙasarmu jigawa ce, tana shan ruwa kamar rariya, ga rijiyoyin bakin gulbi ba zurfi. Masu zuwa sayen tsohuwar ƙasar da aka wanke su jiƙa ta da siyanir, gubar da ke tsamo ragowar zinariya, kuwa, wadda zaiba ta taɓa ba na sayar musu ko nawa suka taya, don siyanir yana narkar da zaiba, ta bi ruwa ta yi nisa.

Damina ce abin tsoro. Wata shekara na bar rami cike, ina cewa da sauran lokaci. Ruwan farko ya zo da dare ya fasa shi, lakar ta malale garkar wani dattijo. Na biya shi, ya ce ya yafe, amma ƙasar tana nan da abin da na zuba mata, kuma jikokinsa ke nomanta. Har yau in na bi ta wurin ba na iya ɗaga kai. Tun daga ranar, kafin hadari ya fara haɗuwa nake kwashe laka, in tara ta a tudu, in rufe da yumɓu, in ja lambatu ta sama don ruwa ya kewaye ta.

Tausayin makiyaya da ka ji yana da kyau, Allah Ya yi maka albarka. Gobe da sassafe ka ɗauki amalanke ka ɗebo musu duro biyu daga rijiyar gari, ka aje nesa da ramuka. In ka dawo, ka saro ƙaya mu toshe inda shingen ya ɓalle ta gabas, don jiya na ga sawun awaki a wurin.